Hannun da Ya Tura Haisam

Saura ƙiris a shiga Nguru ƙafar Haisam ta dama ta riƙe. Tun daga Jajimaji shi ne a gaba, iska na dukan ƙirjinsa, farar rigarsa ta 'yan Gashuwa ta jiƙe sharkaf da ruwan da masoya suka yi ta watsa masa a hanya. Ya waiga. Zakir, gwanin Nguru, yana tafe cikin rawayar riga, ko haki ba ya yi.

Wannan tseren keken ne damarsa ta ƙarshe. Kocin da ya zo daga Damaturu mutum ɗaya zai ɗauka, wanda ya fara tsallake layi, kuma baɗi shekarun Haisam sun wuce. In ya faɗi, sai komawa ƙauyensu na bakin kogi ya zauna gaban hayaƙin bandar kifi, abin da mahaifinsa ke so tun farko.

Mahaifin nasa, Malam Babayo, bai taɓa zuwa kallon tsere ba. Kullum sai ya nuna keken da hannun nan nasa da injin jirgin ruwa ya gutsure wa yatsa, ya ce keken da ba ya ɗaukar buhu wasan yara ne. Ko yau da safe Nguru zai kai kwalayen kifi, amma da Haisam ya roƙe shi ya tsaya ya gani, cewa ya yi yana da aikin yi. Wannan maganar ta fi ciwon ƙafar yi masa zafi.

Bakin kwalta ya cika maƙil. Masu kallon tseren Gashuwa zuwa Nguru suna da al'adunsu, kuma suna ji da su kamar gadon gidansu. Tun asuba suke rubuta sunan gwaninsu a kan titi da farar ƙasa. Suna kaɗa galan, suna watsa ruwa, suna bin mai keke da gudu suna yi masa kirari a kunne. Abu ɗaya ne ba a yi: ba a taɓa shi. Wanda ɗan kallo ya tura, an fitar da shi, ko da bai nema ba. Yaron da ya taɓa zuwa kallo sau ɗaya ma ya san wannan.

'Yan Nguru kuwa bana sun yi shiri. Tun safe suka bi kasuwa suna raba hulunansu rawaya kyauta ga duk mai kai, don a ga garin ya zama nasu.

Keken Haisam ya fara tangaɗi. Ya sunkuyar da kai, ya cije leɓe, yana jin ƙarar sarƙar Zakir tana matsowa. Sai ya ji takun gudu a bayansa, da nishin mutum mai nauyin jiki. Tafin hannu ya sauka a gadon bayansa, ya ingiza shi da ƙarfin gaske. Ta gefen ido rawayar hula kawai ya hango.

Shi ya fara tsallake layin. Alƙalin tsere bai ko bari ya sauka ba ya hura usur, ya ɗaga hannun Zakir. Kocin Damaturu ya gaisa da Zakir, ya wuce Haisam kamar bai gan shi ba. Haisam ya zauna a ƙasa jikin taya. Shekarun da ya yi yana tashi kafin kowa, yana taka feda da yunwa, wani ƙato ya share su da hannu ɗaya.

Can baya ihu ya tashi, ya daɗe kafin ya lafa. Munzali, shugaban magoya bayan Gashuwa, ya iso yana huci, da guntun icce a hannunsa.

"Turo shi 'yan Nguru suka yi, wallahi! Wani dattijon banza, ya naɗe fuska da rawani, ga hularsu a kai. Hannun da ya taɓa ka da shi, mun karya shi. Kuma ka ji rainin hankali, muna dukansa yana tambayarmu wai ka ci tseren?"

"Da kun karya duka biyun," in ji Haisam. "Allah ya isa tsakanina da shi, duniya da lahira."

Duk cikin motar da ta mayar da su Gashuwa babu wanda bai ce amin ba. Wasu suna ta kallon bayansa suna tsaki, suna cewa ƙazamin har riga ya ɓata masa. Haisam bai kula ba. Zuciyarsa ta rabu biyu: rabi na tsine wa mai rawayar hula, rabi na tuna uban da yana cikin garin amma bai iya taka ƙafa ya zo ba.

Da la'asar sakaliya ya isa ƙauyensu, ya shiga gida. Mahaifiyarsa Fanna tana tsakar gida, ta dubi fuskarsa.

"Babanka bai dawo ba har yanzu," ta ce.

"Ciniki ya yi daɗi ke nan, Inna. Ai shi yana da aikin yi."

"Tuɓe rigar in jiƙa maka."

Ya tuɓe ya miƙa mata. Ta juya rigar za ta jefa a bokiti, sai ta tsaya cak tana kallon bayan rigar. Haisam ya matso ya duba. A tsakiyar bayan farar rigar, shatin hannu ne kwance baƙi ƙirin, na hayaƙin banda da man kifi, mai yatsu huɗu.