Wasiƙun da Ke Cikin Kwamfutar Sela

"Ranar da na fara ganinka, ka riƙe mini ƙofa da ƙafa, hannuwanka cike da kaya. Ka ce mini sannu, ba ka ko dube ni ba. Ni kuwa na dube ka."

Glenn Marchetti ya karanta wannan layi sau uku, har shayinsa ya huce. Shi ne mai kula da kwamfutocin da sakandaren garin Griffith ke raba wa ɗalibai su tafi da su gida. A cikin kowace akwai manhajar da ke sa ido, da zarar yaro ya rubuta abin tuhuma sai ta turo masa. Yawanci zagin malamin lissafi yake samu, ya yi dariya ya goge.

Wannan karon abin daban ne. Daga kwamfutar Sela Fonua ya zo, 'yar ajin ƙarshe mai shekara goma sha bakwai. Wasiƙu tara ne, ba a aika ko ɗaya ba. Manhajar ta ja layi ƙarƙashin "kada kowa ya sani" da kuma "furfurarka".

Doka ta ce ya karanta farkon ya kai rahoto. Glenn ya karance su duka, kunnuwansa na zafi don kunya. Rubutun cike yake da kurakurai, abin da ya ba shi mamaki, don Sela ce ke cinye gasar rubutu kowace shekara. Sai ya ce a ransa soyayya kan rikita hannu. Mutumin da ake rubuta wa kuwa ya ba shi haushi: gwauro ne mai yawan mantuwa, mai cewa ba ya cin albasa amma ya cinye ta ba tare da ya lura ba. Wane irin soko ne wannan?

Da rana ya je ɗakin sayar da abinci na makarantar. Losaline, mahaifiyar Sela, ita ke riƙe da wurin tun rasuwar mijinta. Ta miƙo masa gasasshen burodi da nama tun bai tambaya ba, ta ce ya rame. Ya kasa haɗa ido da ita. Ya cinye a tsaye ya wuce ofishin shugabar makaranta, Misis Brennan.

Misis Brennan ba ta ɓata lokaci ba. Ta ce za a karɓe kwamfutar, duk da saura mako biyu jarrabawa kuma duk bitar Sela na ciki. In yarinyar ta ƙi faɗin sunan mutumin zuwa Juma'a, magana za ta bar hannun makaranta.

Aka kira Sela. Ta zauna ta harɗe hannuwa, gwiwarta ɗaure da bandeji daga wasan ƙwallon ragar da take bugawa kowace Asabar da safe. Shugabar ta karanto ranakun da aka rubuta wasiƙun, duk Asabar, duk wajen ƙarfe goma na safe. Babu wanda ya tsaya a kan wannan.

"Malam, duka ka karanta?" Sela ta tambayi Glenn. "Har ta bakwai ɗin? Kai, ashe ba ka da aikin yi."

Ya ce dole ce ta sa shi. Ta ce ita ma dole ce ta rufe mata baki, domin sirrin da ba a ba shi ba, ba zai ji shi daga wurinta ba. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne babu tsoro a fuskarta. Cizon leɓe take yi kamar mai danne dariya.

Aka aika a kira uwar. Losaline ta shigo, hannuwanta duk garin fulawa, ta zauna a bakin kujera. Misis Brennan ta yi mata bayani cikin lallashi, ta miƙa mata takardun. Losaline ta bi layin farko da yatsa, a hankali, yadda ta koya wa kanta karatu tana da shekara talatin. Sai ta tambayi wa ya ga waɗannan.

Glenn ya ɗaga hannu kamar ɗalibi mai laifi.

"Mama," in ji Sela, "ko dai ki yi magana yanzu, ko in faɗi jarrabawa. Zaɓi ɗaya."

Losaline ta goge hannuwanta a jikin riga. Ta ninke takardun, ta tura kwamfutar gaban 'yarta, sannan ta juya ta fuskanci mutumin da ke tsaye a jikin bango.

"Sau tara na rubuta alkawarin nan na kasa aikawa, yau ga shi da bakina. Glenn, in ka daina leƙen wasiƙun mutane, ni zan riƙa karanta maka nawa da kaina har ƙarshen raina."