Tishu a Gefen Shayi

"Ba haka ake yi ba, Siu-fong!" in ji Dakta Kwok.

Su biyun za su zauna jarrabawar likitocin tiyata a Hong Kong, amma shi ya naɗa kansa malami. Yau darasin shi ne yadda ake gaya wa majinyaci mummunan labari.

"Ki kashe waya. Ki zauna a gefensa, ba gabansa ba. Ki matso masa da tishu, sannan ki tambaye shi abin da ya fahimta. Ni wannan ɓangaren ko ina barci zan ci shi."

Ranar da sakamako ya fito, ya ce ta dubo musu, shi ba ya da fargaba. Ta same shi a kantin asibiti yana kurɓar shayin madara, har ya sayi kek na murna.

"To, na zo na nawa?"

Siu-fong ta kashe wayarta. Ta ja kujera ta zauna a gefensa. Ta turo masa tishu a hankali.

"Yaya Kwok, kai a ganinka me ya faru a jarrabawar nan?"

Kwok ya daɗe yana kallon tishun. Sannan ya zari ɗaya.

"Madalla," ya ce. "Ke kam na san kin ci."