Kujerar Bakin Taga

Sai da Malamar Turanci ta nuna kujerar bakin taga da alli, sannan ta tuna babu kowa a kanta. Ta saba bin aji layi-layi, kowa ya kawo misali. Yau mutuntarwa ake yi, wato a ba abu marar rai halin mutum. Mai kujerar kuwa makon jiya aka binne ta.

Kafin ta janye hannu, sai muryar nan mai in'ina ta taso: "Ƙasa ta... ta rungume ni, ta ƙi sakina."

Allin ya faɗi. Ba wanda ya waiwaya.

"Kun ji?" in ji Malama.

Monita ta sunkuyar da kai. "Kullum tana ɗaga hannu, Malama. Ke ce ba kya kiranta."