Tambaya Ta Tara

Edita ya wurgo jaridar ranar kan teburina. "Malam, ta taran nan fa? Tun safe masu karatu ke kira suna zagina."

Na san ta. Ni na tsara wasan cike gurbin, ni na saka ta: *Maganarta ta ƙarshe.* Gurbi bakwai, kuma ba su haɗu da wata kalma ba balle mutum ya samu harafi ɗaya ya lalubo saura.

"Mece ce amsar?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe."

Shekara goma sha shida marigayiya matata ce ke fara gwada kowane wasa kafin ya fita. In tambaya ta yi tsauri, sai ta yi dariya ta bar ta. In kuwa ba yadda za a yi mai karatu ya san amsar, sai ta zagaye ta da jan biro. "Wahala daban, zalunci daban," in ji ta.

Ranar da ta cika a asibiti ina nan ofis ina gyara layi ɗaya. Na ce minti goma kawai.

Ran Litinin amsoshin masu karatu suka iso. Kowa ya bar ta tara fayau, sai takarda ɗaya marar suna. An zagaye tambayar da jan biro, an cike guraben da rubutun da na fi sani a duniya: INA YAKE.

A gefe an ƙara: "Ni ma har yau ba a ba ni amsa ba."