Daddawar Shekara

Zaituna na shanya kuɓewa a tsakar gidan iyayenta a Wurma aka yi wa mijinta, Malam Abdullatif, iso. Rabonta da shi tun da ta zo wankan jego, ta baro shi a ƙauyen Togo inda suke karantar da sababbin shiga Musulunci, shi maza, ita mata. Kallo ɗaya ta ga ya rame.

Ya zauna bakin tabarma, idonsa a kan jaririn da ke bayanta.

"Inna ta ce in bar ki, kuma tana da gaskiya," ya ce a hankali. "Can asibiti da nisa. Ki zauna sai kin yaye shi."

Ba ta ɗago ba. "Malam, matan fa? A Fatiha na baro su."

"Kullum sai sun tambaye ki."

"Su kaɗai?"

Ya sunkuyar da kai.

Ta tashi ta buɗe wani buhu a gindin rumbu. Kuka ce da daddawa, ƙulli-ƙulli.

"Ta shekara ce, ta mutum biyu," ta ce tana murmushi. "Inna da kanta ta daka kukar. Bakinta ne kawai bai yarda ba."