Ruwan Sama a Voss

Tun safe Ingunn ke safa da marwa a ƙofar ofishin masu dirowa da laima daga kan dutse. Ruwa ake tsugawa a garin Voss, duwatsun ma sun ɓace cikin gajimare. Ita dai fatanta kada ya ɗauke.

Mahaifiyarta Solveig ce ta kafe sai ta yi wannan dirar, ga tsufa, ga aikin zuciya da aka yi mata bara. An yi lallashi, an yi faɗa, tsohuwa ta ƙi ji.

Can wani ma'aikacin ofishin ya leƙo. "Baiwar Allah, daina wahalar da takalmanki. Yau ko tsuntsu ba ya tashi."

Saura kaɗan ta rungume shi. Ta ruga masauki da albishir, ta tarar da ɗaki wayam.

"Ina Mama?"

Mai masaukin ta ce, "Ai ta fita tana murna. Wai kogi ya cika ya batse, yau ce ranar kwale-kwalen roba."

Daga kan gada Ingunn ta hango ta a kwale-kwalen cikin tumbatsar ruwa, sanye da hular kwano, tana ɗago hannu.

"Ke Ingunn! Kin saki baki, ɗauke ni hoto mana!"