Filashin da ke Jikin Makulli

"Duk abin da ke cikin filashin nan zai goge. A ci gaba?"

Abin da allon kwamfuta ya nuna ke nan. Yatsan Maman Biyu ya tsaya cak a kan maɓalli. Ƙarfe sha biyu za a rufe karɓar kundin digiri, ga kwamfutarta ta ƙi tashi tun safe, kundin kuma yana cikinta. Maƙwabciyarta ce ta ara mata tata, ta buɗe mata wani shafin intanet da ke haɗa filashin tayar da kwamfutar da ta ƙi tashi.

Sai dai filashi ɗaya gare ta, wanda marigayi mijinta ya maƙala mata a makulli. Shekara biyu ta kasa buɗe shi. Ta tabbata hotunansu ne a ciki.

"Maman Biyu, sha ɗaya fa ta gota," in ji maƙwabciyar. "Danna mana!"

"Bari in ga fuskarsa ko sau ɗaya tukuna."

Ta buɗe filashin. Babu hoto ko ɗaya, sai tarin fayiloli masu baƙon suna. Maƙwabciyar ta leƙo, ta dafe ƙirji.

"Ke! Ai an riga an haɗa shi!"

A can ƙasa akwai guntun saƙo daga mijinta: "Na san ba za ki haɗa ba sai kwamfutarki ta mutu. Ki soka shi a jikinta, ki kunna, ki zaɓi gyara. Ban da gogewa, sarkin gaggawa."

Ta fashe da dariya, hawaye na zuba.

"Har yanzu mutumin nan bai daina yi min faɗa ba."